Kama Zaren Magana: Ladabin Mayar da Amsa Daga Alƙalamin Malamai Zuwa Wayar Hannu



A watannin baya wani abu ya faru a zauren WhatsApp na danginmu, wanda ya haɗa na Aboabo da na Asawase da na Sawaba, da kuma waɗanda neman abinci ya kai Akra da Jidda da Jamus da Amurka. Da asuba wata ƙanwarmu ta sanar cewa an yi haihuwa a gidanta, namiji. Ba a yi rabin sa'a ba sai ga sanarwar rasuwar wata gwaggonmu, tsohuwa mai yawan zumunci, tare da lokacin jana'iza. Wani kawunmu da ke ƙasar waje ya farka daga barci, idonsa ya faɗa kan labarin haihuwa, bai gangara ƙasa ba, ya rubuta cewa madalla da wannan labari mai daɗi, Allah ya ƙara mana irinsa. Bai jingina amsar tasa ga saƙon haihuwar ba, saboda haka ta sauka daidai ƙarƙashin sanarwar mutuwa. Ɗan marigayiyar ya karanta ta yana tsaye a kan gawar mahaifiyarsa. Da ma akwai tsohuwar 'yar tsama tsakanin gidajen biyu a kan gado. Kafin kawu ya gane kuskurensa ya goge, an riga an ɗauki hoton saƙon an aika wa waɗanda ba sa cikin zauren. Sai da dattawa suka yi zama biyu kafin a koma gaisawa.

Kawu bai yi nufin sharri ba, kuma kowace kalma da ya rubuta mai kyau ce. Abin da ya ɓace shi ne zaren da ke ɗaure amsa da abin da take amsawa. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne cewa riƙe wannan zare ladabi ne mai zaman kansa, daidai da ladabin sallama da na zama gaban manya, kuma mu mutanen Zongo mun fi kowa rashin uzurin sakaci da shi, domin kakanninmu sun mayar da shi fannin ilimi tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro kwamfuta.

Mu fara da garin da muke ciki. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya iso Kumasi a 1817, da kuma Joseph Dupuis da ya biyo bayansa a 1820, sun tarar da Musulmi masu karatu da rubutu a kusa da fadar Asantehene Osei Tutu Kwame, a ƙarƙashin jagorancin Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba. Waɗannan malamai suna rubuta wasiƙu da Larabci tsakanin Kumasi da ƙasashen arewa irin su Gonja. Wasu daga cikin takardun Musulmin Kumasi na wancan zamani suna nan ajiye har yau a Ɗakin Karatu na Sarauta da ke Kopenhagen, a ƙasar Denmak, kuma masana na ganin sun faɗa hannun Turawan ne bayan yaƙin Katamanso na 1826. Mafi yawansu addu'o'i ne da laƙani, amma a cikinsu akwai wasiƙu. Ke nan shekara 200 da suka wuce, a wannan gari, alƙalamin Musulmi ne ke ɗaukar magana daga wata fada zuwa wata.

Sai kuma Alhaji Umaru na Salaga da Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a 1934. Yawancinmu mun san shi da waƙoƙinsa na Hausa da na Larabci. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, aikin da ya fara fito da sunansa littafi ne a kan yadda ake tsara wasiƙa, mai suna al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda ya rubuta a 1877 yana saurayi ɗan kimanin shekara 20, daga baya aka buga shi a Alƙahira. Ku dubi wannan da kyau. Matashi mai ilimi, ɗan fatake masu bin hanyar goro, ya duba buƙatar jama'arsa ya ga cewa abin da ya kamata ya fara koya musu shi ne yadda mutum zai rubuta wa wani, ya fahimce shi ba tare da ruɗani ba. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, kuma cikin waɗanda suka yi hulɗar ilimi da shi har da Malam Sallau Bakatsine, wanda ya yi Sarkin Zongon Kumasi.

Me ya sa fatake suka damu da wannan fanni? Saboda tafiya tsakanin Kano da Salaga tana cin watanni. Idan ka aika wa abokin cinikinka takarda a kan bashin goro, amsar da za ta dawo maka bayan rabin shekara dole ta faɗi wace takarda take amsawa, da wane kaya, da wane ayari. In ba haka ba, ba ka da damar cewa "me kake nufi?" sai bayan wasu watannin. Tsadar kuskure ita ta haifar da tsari. Shi ya sa wasiƙar gargajiya take buɗewa da sunan wanda ta fito daga hannunsa da na wanda za ta je gare shi, sai gaisuwa gwargwadon matsayinsa, sai "bayan haka", sai a shaida masa cewa takardarsa ta iso an kuma fahimci abin da ke cikinta, sannan a ɗauki batutuwansa ɗaya bayan ɗaya, ana cewa "amma batun da ka ambata na kaza", a ba da amsarsa kafin a wuce zuwa na gaba. A rufe da "haza wasalam", mai karatu ya san magana ta ƙare.

Wannan salo ya girmi fataucin goro na Salaga a rubuce. Amsoshin da Shehu Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya hau mulki a 1493, an tsara su ne tambaya sannan amsa, har guda bakwai, ta yadda mai karatu bayan shekara 500 yana ganin abin da sarki ya tambaya kafin ya ga abin da malami ya ce. Haka kuma muhawarar da aka yi ta wasiƙa tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadin Sakkwato. Al-Kanemi ya tuhume su da yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, tuhuma mai zafi a lokacin da jini ke zuba. Da Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya shigar da maganar abokin hamayyarsa a cikin littafin tare da amsarsa. Da ya ga dama da ya kawo tasa kaɗai. Saboda ya ajiye zaren gaba ɗaya ne yau ɗalibin tarihi ke iya auna hujjar ɓangarorin biyu, har ma wani ya ga cewa al-Kanemi yana da gaskiya a wasu wurare. Kawo maganar mutum yadda ya faɗe ta kafin ka amsa masa adalci ne, kuma mutanen da ke tsakiyar yaƙi sun iya yin sa.

Su ma waɗanda suka ƙirƙiro saƙon imel sun ci karo da matsalar da fatake suka ci karo da ita. A 1971 wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙon farko tsakanin kwamfutoci biyu ta hanyar amfani da alamar nan da ke raba sunan mutum da na masaukinsa. Da masu amfani da shi suka yawaita, sai aka ga magana na cakuɗewa. Ƙa'idar da aka fitar a 1982 ta tanadi yadda saƙo zai iya ɗaukar wata lamba tasa a ɓoye, da yadda amsar da aka mayar masa za ta iya ɗaukar lambar saƙon da ya haife ta. Da wannan ne na'ura ke jera saƙonni a zare guda, kamar yadda ake jera salsalar malamai a takardar ijaza, wane ya karɓa daga wane. A 1995 aka fitar da wata takardar jagora a kan ladubban hulɗa ta intanet, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta tsara, kuma cikin abin da ta yi nasiha da shi akwai kawo taƙaitaccen abin da kake amsawa, daidai gwargwadon da mai karatu zai gane inda aka dosa. Gmail ya zo a 2004 da tsarin tattara hira wuri guda. WhatsApp ya ƙara damar jingina amsa ga saƙon da ake nufi a 2016. Duk wannan ƙoƙari na injiniyoyi bai wuce neman hanyar da na'ura za ta ce "amma batun da ka ambata" ba. Kayan aikin suna hannunmu, kyauta. Tarbiyyar amfani da su ce muka bari a baya.

Bari in faɗi ladubban da nake ganin sun wajaba a kanmu, da dalilin kowanne.

Na farko shi ne ka nuna abin da kake amsawa. A zauren da ke da mutum 100, kalmar "na yarda" ko "ban yarda ba" da aka jefa ba tare da jingina ba tana iya manne wa kowace magana. Na ga ƙungiyar matasan wata unguwa da ta kusa watsewa saboda haka. An kawo shawara biyu a yini ɗaya, ɗaya a kan ƙara kuɗin wata-wata, ɗaya a kan ba wani memba rance daga asusu. Mutane suka yi ta rubuta "na yarda". Ma'aji ya ƙirga su a matsayin amincewa da rance, ya tura kuɗin ta MoMo. Ranar taro rabin masu yardar suka ce su ƙarin kuɗin wata suke nufi. Ba wanda ya yi ƙarya, amma an wayi gari ana kallon ma'aji da idon zargi. Hausawa sun ce mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gaskiya ne shi ya sani, sai dai sauran 'yan kasuwa ba su sani ba, kuma kowa zai ɗauka da shi ake.

Na biyu, sabuwar magana tana son sabon zare. Wannan ya fi shafar imel. Da yawa daga cikinmu idan za su rubuta wa wani ofis sai su nemo tsohon saƙon da aka taɓa aiko musu, su danna amsa, su rubuta sabuwar buƙata a ƙarƙashin tsohon take. Saboda waccan ɓoyayyiyar lamba da na ambata, na'urar mai karɓa tana iya cusa saƙon cikin tsohuwar hirar da ya riga ya rufe, ko da an canja taken. Sai mutum ya zauna yana jiran amsa, yana cewa an raina shi don shi ɗan Zongo ne, alhali takardarsa na kwance a ƙarƙashin maganar bara. Akasin haka ma kuskure ne: an rubuto maka a kan wani batu, sai ka buɗe sabon saƙo marar take ka ce "ga takardun". Ma'aikacin da ke karɓar saƙo ɗaruruwa a rana ba zai san takardun me ba, ko na wa. Idan magana ɗaya ce, ka zauna a zarenta. Idan ta canja, ka buɗe wani, ka ba shi take mai faɗin abin da ke ciki.

A zaurukan waya kuwa, wannan ladabi yana nufin sanin lokacin da ya dace a shigo da wani batu. A zaman makoki a Yalwa ko Alabar, ba mai hankalin da zai miƙe tsakiyar addu'a ya ce yana sayar da atamfa. Amma a waya muna yi kullum. Ana tsakiyar ta'aziyya sai ga tallan turare, sai ga bidiyon siyasa, sai ga hoton barka da Juma'a mai furanni. Sanarwar lokacin jana'iza ta nutse, wani ya rasa sallar gawar ɗan'uwansa. Zauren waya majalisa ne, kuma duk abin da zai zama rashin kunya a ƙofar gidan mai unguwa rashin kunya ne a cikinsa.

Na uku, ka san wa ke jin ka. Imel yana da maɓalli biyu, ɗaya na amsa wa wanda ya rubuto kaɗai, ɗaya na amsa wa duk wanda aka saka a saƙon. WhatsApp ma yana da hanyar amsa wa mutum a keɓe daga cikin zaure. Zaɓi tsakanin biyun nan shi ne bambancin nasiha da tozartawa. Idan sakataren kwamitin masallaci ya aika wa mutum 40 tunatarwa a kan gudummawar gyaran rufi, kai kuma ka amsa wa kowa cewa ai Alhaji wane bai biya ta bara ba, ka kwance masa zani a kasuwa. Idan ana tara wa wata gwauruwa kuɗin asibiti, ba kowa ne ya kamata ya san adadin bashin da ke kanta ba. A ɗaya gefen kuma, abin da ya shafi dukiyar jama'a ko shawarar da aka yanke tare, a gaban jama'a ya kamata a amsa shi, don kada a ce an ƙulla a bayan fage. Ma'aunin mai sauƙi ne: sirrin mutum ɗaya a keɓe, haƙƙin jama'a a fili. Magana zarar bunu ce, kuma a waya ta fi haka, domin ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Na huɗu, ka rage wa mai karatu kaya. Malaman da suka ce "amma batun da ka ambata" ba sa sake kwafe wasiƙar gaba ɗaya, jimlar da ake buƙata kawai suke ɗaukowa. Idan an yi maka tambaya uku, ka amsa su uku, kowace a ƙarƙashin tambayarta. Mun saba amsa ta farko mu manta da sauran, sai mai tambaya ya sake rubutowa, yini ya wuce. Haka nan kafin ka tura wa wani baƙo doguwar hirar imel, ka duba abin da ke ƙasa. Sau da yawa maganar cikin gida, ko farashin da aka yi wa wani, ko ƙorafi a kan shi kansa wanda ake tura wa, tana nan a jere a gindin saƙon.

Na biyar, amsa bashi ce. Alƙur'ani, a aya ta 86 ta Suratun Nisa'i, ya yi umarni da mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta, kuma Imam Buhari ya ruwaito a al-Adabul Mufrad cewa Abdullahi ɗan Abbas yana ganin amsa wasiƙa haƙƙi ne kamar amsa sallama. Yau waya tana nuna wa mai aikowa cewa ka karanta. Shirunka bayan haka magana ce, kuma shi zai fassara ta yadda zuciyarsa ta raya masa. Ba dole ne ka warware buƙatarsa nan take ba. "Na gani, zan duba zuwa jibi" ya isa ya riƙe zumunci. Sai dai wannan bashi na wanda aka nufa da magana ne. Idan sanarwa ce ga jama'a, ba sai mutum 80 kowa ya rubuta "na gani" ba, har ainihin sanarwar ta ɓace.

Na shida ya shafi saƙon da ba shi da asali. Wasiƙar da ba ta faɗi daga hannun wa ta fito ba, kakanninmu ba sa aiki da ita, shi ya sa sarakuna ke buga hatimi. Yau muna karɓar murya marar suna tana cewa an kama masu satar yara a unguwa kaza, ko wani malami ya ce kaza, mu tura wa zaure goma kafin mu gama saurare. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga illar haka, ya fara saka alamar "an turo" a 2018, ya kuma taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda a duk duniya a 2019, bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya. Al'umma irin tamu, da ke zaune tsakiyar wasu ƙabilu, wadda laifin mutum ɗaya kan shafi sunanta gaba ɗaya, ita ta fi buƙatar tambayar "daga wa?" kafin ta ɗauki magana.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Wasu za su ce mu mutanen baka ne, hirarmu ba ta tafiya a layi ɗaya, tana shiga nan ta fita can, kuma daɗinta ke nan. Na yarda cewa hirar dandalin shayi ba ta buƙatar take. Amma ko a hirar baka muna da zare. Wanda zai katse magana yakan ce "kada in katse ka", wanda zai koma baya yakan ce "in koma kan maganar da Malam ya yi ɗazu". A fada, mai magana da yawun sarki yana maimaita abin da mai ƙara ya faɗa kafin a ba da amsa, kuma maƙwabtanmu Asante suna da irin wannan a aikin okyeame. A zaman ido da ido, fuska da murya da juyawar kai suna nuna da wa kake. Rubutu ya kwashe waɗannan duka, sai jingina amsa ta tsaya a madadinsu.

Wasu kuma za su ce wannan tsari na 'yan boko ne, zai ware iyayenmu da ba sa karanta rubutun boko, waɗanda saƙon murya ya buɗe musu ƙofa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ni ba na cikin masu raina saƙon murya. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 da 1990 suna tuna yadda iyaye mata ke zama gaban rakoda su cika kaset da gaisuwa da saƙo, a ba matafiyi ya kai Makka ko Libiya, da yadda wasu ke zuwa bakin gidan waya na Adum a rubuta musu takarda, sirrinsu a kunnen baƙo. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, tsohuwa tana magana da ɗanta kai tsaye da Hausarta, ba ɗan tsakiya. Wannan alheri ne babba. Amma ladabin da nake magana a kai yana aiki a murya kamar yadda yake aiki a rubutu. Waɗancan kaset ɗin ma suna da tsari: mai magana takan faɗi sunanta, ta gaisa, ta ce saƙonka ya iso, sannan ta shiga batutuwa. Mai saƙon murya na yau zai iya cewa tun a farko, "Hajiya, a kan maganar ranar suna nake amsa miki." Daƙiƙa uku ne. Jingina amsa kuwa jan yatsa ne a kan saƙo, kuma duk jikan da ya koya wa kakarsa danna maɓallin murya zai iya koya mata wannan a zama ɗaya. Abin da ya rage kan masu karatu shi ne, idan saƙon murya ya ƙunshi lokaci ko wuri ko adadin kuɗi, wani ya rubuta su a layi ɗaya a ƙarƙashinsa, domin ba a iya neman kalma a cikin murya, kuma ba kowa ke da halin sauraron minti bakwai a wurin aiki ko a cikin hayaniyar Kejetia ba.

Akwai kuma masu tsoron cewa taƙaitawa za ta kashe gaisuwa, mu koma kamar waɗanda ke faɗa wa mutum buƙata ba ko sallama. Ban nemi haka ba. Wasiƙar magabata ba ta taɓa yar da gaisuwa ba, wuri ta ba ta, ta kuma yi mata iyaka da "bayan haka". Wanda ya rubuta wa malaminsa ko surukinsa ba gaisuwa ya yi rashin ladabi. Wanda kuma ya aika "salam" kaɗai ya yi shiru yana jiran a amsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya riƙe mutum a tsaye a bakin ƙofa. Ka gaisa, ka faɗi buƙatarka a saƙo guda, mai amsa ya amsa duka biyun lokacin da ya samu sarari.

Abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne matasanmu. Neman gurbin karatu a KNUST ko wata jami'ar waje, neman tallafin karatu, neman aiki, hulɗa da ofishin jakadanci, sayen kaya daga Dubai ko Sin, duk yanzu ta imel ake yin su. Wanda ke can ɗaya gefen bai san gidanku ba, bai san kai mahaddacin Alƙur'ani ne ko mai biyayya ga iyaye ba. Abin da yake gani shi ne saƙonka: ko yana da take, ko ya amsa abin da aka tambaya, ko takardar da ka ce ka maƙala tana nan, ko ka dawo a zaren da aka fara. Da wannan yake auna hankalinka da natsuwarka. Muna yawan kuka cewa ana yi wa ɗan Zongo kallon marar tsari, kuma sau da yawa kukan gaskiya ne. To ga wuri guda da gyaransa ke hannunmu, ba ya buƙatar kuɗin gwamnati ko alfarmar ɗan siyasa.

Shawarata ga malaman makarantunmu na Islamiyya da na boko ita ce su dawo da darasin wasiƙa, su koyar da shi da waya a hannu. A nuna wa yaro yadda Alhaji Umaru ya ɗauki abin da muhimmanci har ya rubuta masa littafi, sannan a sa shi ya rubuta imel zuwa ga shugaban makaranta, ya amsa wani, a gyara masa. Masu kula da zaurukan dangi da na ƙungiyoyi su kafa ƙa'ida a fili: ranar da aka yi rasuwa a dakatar da talla da barkwanci har a yi jana'iza, shawarar kuɗi a kawo ta ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mai amsa ya jingina. Manya su fara, domin yaro ba zai gyara wa kawunsa ba.

Kawun nan namu, da ya zo gida hutu, ya je har Aboabo ya yi wa ɗan marigayiyar ta'aziyya baki da baki, ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Yanzu duk saƙon da zai aiko sai ka ga guntun maganar da yake amsawa a samansa, wani lokaci har da sunan mai ita. Yara suna yi masa dariya a kan haka, suna cewa Kawu ya zama alƙali. Shi kuwa yakan ce sau ɗaya ya ishe shi.

Allah ya ba mu ikon kiyaye harsunanmu da yatsunmu, ya ƙara haɗa kanmu. Haza wasalam.